Ƙwan Zabin Yaya da Ma'aunin da Ya Mutu

Da hantsi yayata ta kira ni daga Nguru, ko gaisuwa babu, ta ce in zo, injin ya dafa ƙwai. Na ɗauka wasa take yi. Da na ji yadda take jan numfashi sai na rufe shagona a Gashua na nufi tasha.

Injin ƙyanƙyasa ne mai aiki da sola, ni da wani abokina muke haɗa irinsa. Ni ne mai katako da wayoyi da manhajar da ke kunna hitar da ke ɗumama ƙwan. Shi kuma abokina shi ya rubuta direba, wato 'yar manhajar da ke zaune a cikin kanel, can ƙuryar tsarin kwamfuta, tana karɓo zafin da ma'auni ya auna tana miƙa wa tawa. A daminar nan yaya ta cika injin da ƙwan zabi, kuma galibi ba nata ba ne. Na matan unguwa ne da na wasu matan makiyaya daga wajen Yusufari, kowace ta shafa wa nata alama da lalle ko gawayi, an yi da su in sun fashe a raba 'ya'yan. Saura kaɗan su fashe.

Ina shiga ɗakin wari ya tare ni. Na dafa murfin, wallahi sai da na janye hannu. Sai na duba allon da ke gaba. Lambar da yake nunawa lafiya lau take, ta ma ɗan gaza abin da ake so. Ciki kamar tanda, allo yana cewa da sauran sanyi.

Na tambaye ta me ta taɓa, kuma na san da tsawa na yi tambayar, don halina ne. Ta ce ba ta taɓa komai ba sai abin da kowa ke yi. Jiya da la'asar hadari ya taso, ta bi gida ta cire wayoyi saboda tsawa, na talabijin, na caji, har da siririyar wayar ma'aunin, ita kuma lokacin ta gama juya ƙwai kenan, iska mai sanyi ta shiga cikin injin. Da ruwa ya ɗauke ta mayar da komai inda yake. Haka mahaifiyarmu take yi, haka duk gidan da na sani a garin nan suke yi.

Na zauna a tabarma na jona kwamfutata, na buɗe rubutun abokina. A kanel, duk wani abu da aka gina a memori yana da ƙidayar masu riƙe da shi. Wanda ya kama ya ƙara ɗaya, wanda ya saki ya rage ɗaya, sai ta kai sifili a share abin. Kamar tiren tuwo ne, ba a ɗaukewa sai hannun ƙarshe ya fita. Na bi layukan ina neman inda direbansa ke ƙara ɗaya idan manhajata ta buɗe ma'auni. Na duba sama, na duba ƙasa. Babu. Bai rubuta ba kwata-kwata.

To ga abin da ya faru. Da yaya ta zare wayar, direban ya saki nasa ɗayan, ƙidaya ta faɗi sifili, kanel ta ɗauka babu mai riƙe da ma'aunin, ta sallame shi. Da ta mayar, aka gina sabo a wani gurbin. Manhajata kuwa ba wanda ya gaya mata. Ta ci gaba da leƙa tsohon gurbi, inda lambar ƙarshe ta lokacin sanyin hadari take nan kwance, don ba a riga an ba wa wani wurin ba. Duk leƙawa ta ga da sauran sanyi, ta ƙara wuta. Da ma injin ya mutu gaba ɗaya, da yaya ta gani ta lulluɓe ƙwan da bargo.

Na kira abokina. Ya ce a misalin da ya koya da shi ma'aunin a manne yake, ba a cire shi, shi bai taɓa kawo wa ransa wani zai zare ba. Na ce masa a ina ya girma, a wata duniyar? Gidansu ba a cire waya in an ga walƙiya? Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba. Gyaran kuwa layi ɗaya ne, kafin shayin da aka kawo mini ya huce na gama shi.

Yaya tana gefe tana fitar da ƙwan tana jerawa a faifai, na kowace mace daban. Ɗaya ya tsage a hannunta. Ɗan zabo ne cikakke a ciki, har da gashinsa da ɗan bakinsa, a dunƙule. Na kau da kai, ban iya kallo ba.

Na ce mata, "Yaya, ba laifinki ba ne. Namu ne, kuma na gyara, yanzu ko sau nawa kika cire ba abin da zai faru."

Ta ajiye ƙwan da ke hannunta. Sannan ta ce tun da sassafe, kafin ta kira ni, ta bi gidajen matan unguwa ɗaya bayan ɗaya ta ce musu ita ce ta cire waya ta kashe musu ƙwai. Wata ta yi mata Allah ya isa a gaban yara. Ta aika wa na Yusufari ma da direban mota.

Na ce to mu koma tare yanzu, in yi musu bayani da bakina.

"Ka ce musu me, auta?" ta ce. "Ni da nake 'yar'uwarka ban gane ba."

Ta ɗauki faifan farko, mai alamar lalle, ta yafa mayafi ta fita ta mayar wa mai shi.