Injin da ya ƙi juyawa a hannun Yaya Sani

Shekara goma sha takwas ke nan da rasuwar yayana Sani, makaniken da duk unguwarmu a Kano ta sani da baƙin mai a farce. Allah Ya jiƙansa. Bana na so in yi shiru kamar sauran shekaru, amma wani abu ya same ni a bakin ƙofata, ya mayar da ni wani gidan tarihi a Guangzhou.

A ƙarshen shekarun 1990 ina karatu a can, shi kuma ya zo sayen kayan gyaran mota. Ni ne bakinsa a kasuwa, duk da haka bai fasa ce mini ɗan boko ba, wai hannuna ko sifana bai iya riƙewa. Da muka gama lodi, na so in kai shi kasuwar Shisanhang ya saya wa iyali tufafi. Ya ce shi bai ƙetaro duniya don kallon tsumma ba. Sai na kai shi wani ƙaramin gidan tarihi inda na taɓa ganin wani tsohon injin mota.

Yana nan bisa dakali, an zagaye shi da jar igiya, an goge shi tas. Irin na da can ne, mai ƙarfe a gaba wanda ake murzawa da hannu kafin ya tashi. Yaya yana da wata al'ada a garejinsa: duk injin da ke ajiye, sai an juya shi kowace safiya, don in an bar shi tsaye zai cije. Kafin in yi magana ya miƙa hannun dama ta saman igiyar, ya kama ƙarfen, ya danna. Ko motsi bai yi ba. Ya sake dannawa har jijiyar wuyansa ta fito.

Sai ya saki, ya tsaya yana kallon tafin hannunsa. Mutumin da ke ɗaga giyabos shi kaɗai, ga zufa tana tsattsafo masa a goshi.

"Bala, zo ka gwada," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, an hana taɓawa."

"Na ce ka gwada. Ina so in san ko shi ne ya cije, ko ni ne."

A nan ya gaya mini cewa tun a jirgi hannun yake masa nauyi, kuma da safe kofin shayi ya suɓuce masa. Na kai hannu ke nan sai matar da ke gadin ɗakin ta taso da sauri tana kaɗa yatsa: "Laoban, meyo, meyo," wato maigida, babu. Ta tsaya tsakaninmu da injin har muka fita. Ba mu taɓa sanin amsar ba.

A cikin bas na roƙe shi mu je asibiti. Ya ƙi. Tsoronsa kar su riƙe shi a ƙasar da ko ruwan alwala ba zai iya nema da bakinsa ba. Ya ce, "Ka ga injin nan? Sun wanke shi, sun ajiye, mutane na zuwa kallo. Kar ka bari a yi mini haka." Ban san yadda ake hana irin wannan ba.

Ya koma gida, ya ci gaba da aiki, bai je wurin likita ba. Bayan kamar shekara biyu ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Sauran rayuwarsa a kujera ya yi ta cikin zaure, da farar riga wadda ko ɗigon mai babu, abokai na shigowa su gaishe shi su wuce. Matarsa Hajiya Rabi ce ta ƙi yarda ya cije. Kowace safiya takan kama hannun ta lanƙwasa, ta miƙar, ta juya, shi kuma yana harararta da ido ɗaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga motocin yanzu masu tafiya da batir, ba ƙara ba hayaƙi. Na san zai yi tsaki ya ce mota ba baƙin mai ai firji ce. Garejin yana nan a hannun babban ɗansa, kuma har yau ana juya injinan da ke ajiye da safe, ko da yake yaran ba su san wanda ya kafa dokar ba. Wannan ya bari, da kuma tambayar da ya yi mini a gaban igiyar nan.

Makon jiya na dawo daga masallaci, na sa makulli a ƙofa, ya ƙi juyawa. Na sake murzawa. Na riga na wuce shekarun da Yaya yake da su a ranar da injin ya ƙi juya masa, kuma ina da hawan jini. Tsoro ya kama ni sosai. Na ƙwala wa 'yata Zainab kira.

"Zo ki gwada makullin nan."

"Baba, ya lalace ne?"

"Gwada dai."

Wannan karon babu mai gadin da za ta hana. Da yatsa biyu ta juya shi, ƙofar ta buɗe. Na ce ta ɗauko mayafinta ta raka ni asibiti.