Mutumin da ya saurari shirun dukawa

Bana shekara ashirin ke nan da muka rufe Mushe Almu, Mushe ɗin nan na Faransanci da ake kiran 'yan boko da shi. Na ga ya kamata in faɗi wani abu a kansa tun ina da sauran ƙarfi, domin ina cikin waɗanda aikinsa ya taɓa rayuwarsu kai tsaye, kuma mun kusa ƙarewa.

Ba ɗan Agadas ba ne. Iyayensa mutanen Damagaram ne, ya yi karatu har ƙetare, ya dawo a farkon shekarun mulkin kai. Lokacin hukuma tana ta kafa ƙungiyoyin sana'a, na masu garka, wato 'yan lambu, na maƙera, da tamu ta dukawa, amma yawancinsu suna kawai suka tara. Aka turo shi ya binciko dalili. Mun zaci zai zo da tulin tambayoyi kamar sauran, sai muka ga ya nemi gefen tabarma ya zauna. Bincikensa shi ne ya ji yadda mutane ke magana in sun taru: wa ke farawa, wa ke bi, wa ake kallo kafin a amsa. Mukan tsokane shi cewa hutu gwamnati ta aiko shi, ya yi dariya ya ce ai hutun da wuya.

Ni aka naɗa perzidan na kwafaratif ɗinmu. Ba don na fi kowa iya ɗinka takalmi ba, sai don na ɗan zauna a lakwal ina jin Faransanci. Cikin 'yan kwamiti kuwa aka sa sarkin dukawa, wanda tun kafin a haife ni shi ke raba fata, shi ke kashe rigima a sana'ar. Shi ne mahaifin matata. Ko yau, da furfurata, hannuna ba zai rubuta sunansa ba.

Ƙa'idar biro, wato kwamitin namu, ta ce perzidan ke buɗe taro. Ni kuwa mutumin da ko hanya na hango shi sai in sake wata, ta yaya zan zauna a kujera yana ƙasa, in ɗaga murya in ba shi izinin magana? Shi ma ba zai fara ba, kada a ce ya ƙwace wa surukinsa kujera. Sauran dukawa kuma ba su isa su riga shi ba. Haka za mu cika rumfa, wakilin hukuma ya yi ta tambaya, mu yi ta kallon ƙafafunmu. Wakilin baƙo ne daga Yamai, bai san abin da ke tsakaninmu ba, kuma ba wanda ya gaya masa, don faɗin ma abin kunya ne.

Yaran yanzu za su ji abin kamar wasa, amma ni ban yi dariya ba. A shekarun can in aka ce mutum yana adawa, ba a daɗewa a ga motar jandarma a ƙofar gidansa. Wakili ya san ni da surutu a kasuwa, ga shi a taro na zama kurma. Sai ya yanke cewa dukawa sun haɗa baki ne, kuma ni ke zuga su. Labarina ya riga ya kai sama. Matata tana da tsohon ciki, ni kuwa tsoro ya hana ni cin abinci.

Wani mako tsohon ya tafi Timiya neman fatun awaki. A taron ranar na yi magana har sai da aka tsayar da ni. Da ya dawo, bakina ya sake mutuwa. Duk rumfar Almu kaɗai ya haɗa abubuwan nan biyu. Ya same ni a wurin aiki ya ce, “Ibro, tsohon nan mi yake gare ka?” Na sunkuyar da kai. Ya ce, “To, na ji.”

Ya je ya yi wa wakili bayani. Mutumin ya gane nan take, don su ma suna da kunyar surukai a ƙasarsu. Amma ya ce ba shi da ikon sauke ni, kuma akwai babba da zai zo daga Yamai ya gani da idonsa. In ya tarar da shirun nan, ba ruwansa. Sai Almu ya tuɓe takalmi ya shiga zauren tsohon. Matata ta ji su daga bayan ƙofa. Ta ce bayan Almu ya gama, mahaifinta abu guda ya tambaya: “In ban zo ba, yaron zai kwana gidansa?” Almu ya ce, “Zai kwana, Baba.”

Tsohon bai sake taka rumfar ba. Babban ya zo ya tarar da dukawa suna gardama kan rabon fata har da nuna yatsa, ya koma da farin ciki. Na kwana gidana, aka yi sunan ɗana ina zaune. Amma a hankali masu rigima suka daina zuwa zauren tsohon, suka koma kawo ta rumfa, gabana. Sarautar ta rage suna. Ya ƙare kwanakinsa yana ɗinki shi kaɗai a ƙofar gida, har idonsa ya daina ganin bakin allura.

Yau garin nan ba ya rabo da ateliye, tarukan bitar nan. Masu furoje, 'yan ayyukan raya ƙasa, suna zuwa koya mana shugabanci, a raba mutane rukuni-rukuni, a ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, a rubuta cewa jama'a sun amince. Ina jin da Almu yana nan zai tambaye su ko sun san wa ke auren 'yar wa a ɗakin. Jikana kuwa kiran surukinsa yake yi a waya suna ƙyaƙyata dariya. Ba na cewa ya yi laifi. A zamaninsa ba wanda zai bar kujerarsa don wani ya samu baki.

Almu ya zauna Agadas har ƙarshe, ya horar da mutane da dama, kuma har yau in ka ga ma'aikacin da ya iya yin shiru a taro yana kallon fuskoki, bincika, ta hannunsa ya bi. Wannan ya rage mana daga gare shi. Amma shi bai taɓa lissafa maganarmu cikin nasarorinsa ba. Yakan ce ya buɗe baki ɗaya ne ya rufe wani. Allah ya jiƙansu su biyun, ya sa sun huta.

A ciwonsa na ajali na je gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya ce, “Ibro, Baba ya taɓa cewa wani abu a kaina?” Na gaya masa gaskiya, cewa har ya koma ga Allah bai ambace shi ba, ko da alheri ko da sharri. Almu ya lumshe ido, ya daɗe yana sauraro.