Filaskon Gwaggo

Mun tashi daga Tasawa ana sallame Asuba, ni da abokina mai moto, wato babur, muka bar Baba kwance a likita, asibitin garin. Ya sha garin filasko don bushewar ciki, sai amai da jiri suka kayar da shi. Lokotoro, mai duba shi, ya ce in ba a kawo maganin an auna ba, lalube kawai yake yi. Mai haɗa maganin kuwa Gwaggo ce, yayar Baba, can wajen Kanan-Bakashe.

Hanyar yashi ce zalla, moto na rawa, amalanken shanu na wuce mu hankali kwance. Esansi, man moto na kwalba, ya yi tsada kamar turare. Mun sayi ƙosai a wata kasuwa, na kasa ci. Tunanina ɗaya: da wane baki zan ce wa Gwaggo ana zargin maganinta?

Mun same ta tana tankaɗe. Ina gama bayani fuskarta ta canja.

"Ni za ni kashe ƙanena? Tun ba a haihe ka ba nike wannan aiki."

A can, mai magani idan aka zarge shi, shi ke fara sha a gaban mutane. Ta shiga ɗaka ta fito da wani bido shuɗi, irin jarkar roba, ta zuba gari a ƙwarya, ta dama. Sai warin bidon ya buge ni. Na san shi: na maganin feshin wake ne. Wankewa aka yi, aka mai da shi ma'aji saboda ƙwari ba sa kusantarsa.

Na riƙe hannunta, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata.

"Gwaggo, don Allah kada ki sha. Ba ganyen ba ne, bidon ne."

Ta kalli bidon, ta ajiye ƙwaryar. Sannan ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa:

"Ƙanen nawa yana magana dai?"

Na ce yana yi. Muka ɗebi na bido, muka ɗebi sabon daka, kowanne da ƙullinsa. Ita ta ɗaure bidon a bayan moto da kanta, ta aika a faɗa wa duk wanda ya saya kada ya sha.

Mun dawo Tasawa bayan La'asar. Lokotoro ya karanta jikin bidon, ya canja magani nan take, ya tura ƙullin garin biyu labo, ɗakin awo na Maraɗi. Da sakamako ya zo, na bidon ne ke da guba, sabon dakan lafiya lau yake.

Na koyi cewa auna magani ba raina mai shi ba ne. Baba ya tashi. Gwaggo ta koma ajiya a tulun ƙasa, amma har yau ba ta yarda ta sake ba shi ko cokali ɗaya ba.