Kartata ta fito a allon motar kafil

Jama'a, ku taya ni da addu'a, yau asirina ya tonu!

Wata uku ke nan ina shiga gasar karta ta intanet a ɓoye, ina da wata manhaja da ke bin wasana tana nuna min kurakuraina. Da safe na kai kafil ɗina, wato Balaraben da nake wa direba, kasuwar kayan lambu ta Abu Hamour. Ina jiransa na buɗe manhajar, na manta wayata a haɗe take da allon mota. Kawai sai ga shi ya shigo! Ga karta ɓaro-ɓaro a allo, a ƙasar da ake korar mutum saboda caca!

Na ce, "Ranka ya daɗe, wasan yara ne."

Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Manhajar nan ta yi gaskiya. Me ya sa ka zubar da sarki biyu?"



Muna isa gida ya ce, "Khalas, shi ke nan. Bayan la'asar ka same ni a falo, ka zo da wayar."

Wallahi da sitiyarin nan nake ciyar da 'ya'ya huɗu. Tikitin Kano zai miƙo min, ko karta zai raba mana? An idar da salla, ga ni a bakin ƙofa, da wayar a hannu, zan yi sallama.