Gishirin Kawu a Maƙerata

Shekarun da Nasara sunka raba mu da Ƙonni, su can hannun Faransa mu nan Illela hannun Ingilishi, ina saurayi na gaji maƙerar mahaifina a zauren gidanmu. Cikin gadon akwai injin huda ƙarfe na juyawa da hannu, wanda ya samo wajen wani makanike a tsallake. Da shi nike cin abinci. Kowane maƙeri yana ƙera fartanya, amma huda ƙarfe sumul sai wurina.

Ran injin duka yana ga wani ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa, gindinsa da kauri, yana sirancewa zuwa sama. Shi ke riƙe bakin huji. Babu noti babu ƙusa, tura shi ake yi cikin raminsa ya kama tsam. In tsatsa ta ci shi ko kaɗan sai ya riƙa rawa, kuma babu maƙerin da zai iya ƙera irinsa.

Da damina ta faɗi na rufe maƙera na tafi noma Lafani. Ashe bayana Kawu, ƙanen Inna, ya shigo da kantun gishiri daga tsallake. Don kada masu karɓar kuɗin fito a kan iyaka su gani, sai ya jibge shi cikin zaurena ya ja ƙofa. Kawu ke nan, bai taɓa shawara da kowa ba.

Ranar da na dawo na buɗe, wallahi sai na iske ɓarna. Gishiri ya sha raɓa yana tsiyaya, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Zarto, awartaki, masaba, duk sun yi jajir. Na ruga wajen injin na laluba ramin. Ƙarfen ba ya nan.

Na shiga cikin gida ina kumfar baki. Inna na zaune tana kaɗi.

"Mi ya same ka kake ihu awa an yi gobara?" in ji ta.

"Inna, ƙanenki ya kashe ni! Tsatsa ta cinye kayana, ƙarfen inji kuma an ɗauke."

Ba ta ko ɗaga kai ba. "Ɗauko min tukunyar man kaɗe ƙarƙashin gado."

Na ɗauko ina huci. Ta ce in sa hannu har ƙasa. Na sa, yatsuna sunka taɓo abu mai tauri.

"Duk macen da ke miya ta san gishiri na kuka da damina," ta ce. "Injin ya fi ƙarfina, sai na buge wanga da muciya ya fito, na cusa mai cikin ramin. Kullum shi nike ganin ubanka na shafa wa mai."

Na goge shi da gefen rigata. Fes yake, ko ɗigon ja babu. Na koma zaure na share ramin, na tura shi, na ji ya kama. Na juya hannun inji, bakin ya bi daidai, bai yi rawa ba. Nan na zauna dirshan cikin ruwan gishiri, ƙato da ni, ina hawaye ina dariya. Ban taɓa jin sanyin rai irin na ranar ba.

Sauran kayan na yi ta gurza da yashi har kaka. A ranar kuwa, ina nan zaune, Inna ta ɗaga murya daga cikin gida: "In ka gama kukan, ka sani da man nan nike miya, tun farkon damina take warin ƙarfe, kuma ban faɗa wa kowa dalili ba."