Layin Inabin da Malam Dauda Ya Bar Mini

Ranar Talata da hantsi ina tsaye a ƙofar masaukinmu da ke titin Huanshi Lu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ina jiran motar da za ta kai ni tashar jiragen ruwa ta Huangpu duba kaya, sai matar da ke kula da wayar gidan ta yafito ni. Da na kara wayar a kunne, muryar Inna Amina ce, matar Malam Dauda. Tana magana da Sinanci da sauri har na kasa kama zaren. Da ta ji ban gane ba, sai ta tattaro 'yar Hausar da ya koya mata, ta ce, "Habibu, Malam babu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya faɗi ne a cikin gona bayan sallar asuba, da almakashi a hannunsa. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne alkawarin da na yi masa wata uku da suka wuce cewa zan je gonarsa, ban kuwa je ba.

Wanda bai zauna Guangzhou a waɗannan shekaru ba, ba zai gane abin da na rasa ba. Shekara uku ke nan da zuwana, ina saro wa yayana kaya ina aika masa Kano. A farko sai in yi wata guda ban ji Hausa ba, sai wadda na yi wa kaina a ɗaki. In na shiga kanti a kira ni "lawban", wato maigida, in na tambayi abin da nake nema a ce "meyo", wato babu, hirar yini ta ƙare ke nan. Wata Juma'a a Masallacin Huaisheng ina laluben takalmina, sai na ji an ce a bayana, "Wannan hular ta Bakano ce, ko a lahira na gan ta zan gane." Na waiwaya na ga wani dattijo siriri, hannuwansa duk kanta, yana dariya. Ban san sa'ad da hawaye ya zubo mini ba. Ya ce, "Af, Bakano da kuka? Halan riba ce ta faɗi." Shi Bazazzagi ne, ni Bakano, don haka tun daga ranar bai sake raga mini ba, ni ma ban raga masa ba.

Malamin gona ne a Zariya kafin a turo shi ƙasar Sin ƙaro karatu. A nan ya auri Inna Amina, 'yar Musulmin ƙasar, suka riƙe 'yar gonar inabin da mahaifinta ya bari a arewacin gari, tafiyar awa biyu a bas. Layi ashirin da huɗu ne kacal, kowanne a kan rumfar gora. Allah bai ba su haihuwa ba. Su biyu suke aikin, sai garken agwagin da ke yawo ƙarƙashin rumfunan suna tsince ƙwari suna barin taki.

Bai taɓa zuba takin zamani ba, bai taɓa yin feshi ba, a ƙasar da ruwa da zafi suke ruɓar da komai. Toka yake barbaɗawa, sannan ya bi kowane curin inabi ya sa masa jakar takarda ya ɗaure, ɗaya bayan ɗaya, har ya gama gonar. Na taɓa ce masa akwai maganin da zai hutar da shi wannan wahala. Ya ce, "Abin da ba zan sa a bakina ba, ba zan sa wa ƙasa ba." Maƙwabtansa kuwa masu matse giyar inabi ne, kuma duk shekara sai sun zo neman ya sayar musu da amfanin gonar gaba ɗaya. Ba ya tsawa, ba ya wa'azi. Zai zaunar da su, ya dafa musu shayi, ya miƙa wa kowa curi guda, ya ce, "Nawa na baki ne, ba na kwalba ba." Haka suke tashi suna dariya, su dawo baɗi.

A wannan gonar na yi wautar da har ya rasu bai daina yi mini gori a kanta ba. Akwai aikin da yake kira ragi. Idan 'ya'yan sun fito kore shar, kamar ƙwayar wake, sai a bi kowane reshe da almakashi a yanke kusan rabin curarrakin a zubar, waɗanda aka bari ma a rage musu 'ya'ya. Shekarar farko ya miƙa mini almakashi ya ce layi na tara nawa ne. Ni kuwa ɗan manomin gero ne. A gidanmu ko zangarniya ɗaya ta faɗi daga dami sai an koma an ɗauko ta, wanda ya taka hatsi kuwa ya sha faɗa. Na tsaya ina kallon abinci a ƙasa, zuciyata ta ƙi. Sai na riƙa kaɗa almakashin a iska yana ƙara, ina tsinkar ganye, na bar 'ya'yan kaf. A raina har ina cewa Bazazzagi bai san albarka ba.

Ya gani sarai. Ya bi layin ya sa wa kowane curi jakarsa kamar sauran, aikin da ya ninka masa wahala. Da lokacin girbi ya yi, layina ya fi kowanne nauyi, har gorar ta lanƙwasa, ni kuwa ina ta hura hanci. Ya yanko curi ɗaya daga nasa, ɗaya daga nawa, ya ce, "Bismillah, Alhaji mai riba." Nasa zaƙi kamar zuma. Nawa kuwa ƙanana ne, tsami ya kashe mini haƙora nan take. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya ce, "Inabi ba gero ba ne, Habibu. Itace ɗaya, zaƙi ɗaya gare shi. In ka raba wa ɗari, kowa ya tashi a banza." Shekara ta biyu na yi ragin da hannuna, ina yanka ina jin zafi, yana bayana yana cewa, "Yanke, Bakano, ba daga aljihunka ba ne."

Ban san kaɗaicinsa ba sai a hankali, domin ba mai kuka da rayuwa ba ne. Shekara tara rabonsa da gida. Wata rana na iske shi yana yi wa agwagi magana da Hausa, ya ce kada harshen ya yi tsatsa. In na je, ba ya barina in yi shiru. Sai ya ce in ba shi labarin komai, ko farashin goro ne, shi dai ya ji ana yi. Idan zan tafi yakan raka ni har bakin titi, ya tsaya sai bas ta ɓace.

Bana da lokacin ragi ya zo, ya bugo mini waya sau uku. Na farko na ce kaya sun maƙale a Huangpu, gaskiya ne. Na biyu na ce baƙi sun zo daga Kano ina zagayawa da su, shi ma gaskiya ne. Na uku ya ce, "Layinka fa yana jiranka." Na ce, "Malam, sati mai zuwa in sha Allahu ina nan tafe." Ya ce, "To, Allah ya kawo ka." Wannan ita ce maganarmu ta ƙarshe. Kasuwa ta buɗe mini, Hausawa sun fara yawa a gari, na sami abokan hira kusa, sai tafiyar awa biyu ta koma mini kamar ta kwana biyu. An ce zumunci a ƙafa yake, ni kuwa na mayar da shi a waya.

An yi masa sutura a ranar, a maƙabartar Musulmi. 'Yan'uwan Inna Amina da jama'ar masallaci sun yi masa duk abin da ya kamata, Allah ya saka musu. Amma duk taron ni kaɗai na ce "Allah ya jiƙansa" da harshen da mahaifiyarsa ta rarrashe shi da shi, kuma babu wanda ya amsa mini da amin.

Inabi bai san makoki ba. Ya riga ya nuna, hadari kuma yana haɗowa, don haka kwana uku bayan rasuwar muka shiga girbi, ni da Inna Amina. Ta miƙa mini almakashinsa. Na yi kamar yadda ya koya mini: a jira raɓa ta bushe, a riƙe curi ta wuya, kada yatsa ya goge farar ƙurar da ke jikin 'ya'yan, a kwantar a kwando kamar ƙwai. Layi bayan layi muna buɗe jakunkuna, kowane curi cikakke, tazarar 'ya'yansa daidai. Shi kaɗai ya yi ragin duka, ya ɗaure duka.

Sai muka iso layi na tara. Babu jaka ko ɗaya a jikinsa. Curarraki sun cunkushe, gorar ta lanƙwasa, tsuntsaye sun yi ɓarna, wasu 'ya'yan sun fashe. Na tsaya ina kallo. Inna Amina ta ajiye kwandonta, ta yi magana a hankali yadda zan gane. Ta ce sau biyu ta ɗauki almakashi za ta rage shi, ya hana ta. Ya ce, "Ki bar wa Habibu layinsa. Ya ce zai zo."

Na yanko curi guda na zauna a ƙasa, a gurbin da ya taɓa zama yana yi mini dariya. Tsamin ya fi na shekarar farko. Na shanye shi tas, ban bar ƙwaya ɗaya ba, babu kuma mai yi mini gori.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Dauda, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa a wannan ƙasa mai nisa, ka sa baƙuncin da ya yi ya zama kaffara a gare shi. Ka ba shi inuwa kamar yadda ya ba baƙo inuwa, ka haɗa shi da iyayensa a Aljannar Firdausi. Ka ba Inna Amina haƙuri da ƙarfin riƙe abin da ya bari, ka zama gatanta. Ka sanyaya zukatan 'yan'uwansa na Zariya, waɗanda wasiƙata ba ta ma isa gare su ba tukuna. Ni kuma ka yafe mini, ka ba ni aron rai zuwa ragin baɗi, domin na gaya wa Inna zan zo, almakashin ma yana wurina. Amin.