Ranar da Na Jiƙa Kanwar Inna

Ko zan manta da komai na zamana a Fagge, ban da ranar da na jiƙa kanwar surukata. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ni kuma ina amarya, ga rawar kai.

Surukar tawa, Inna, 'yar Barno ce. A ƙasan tasarta akwai wani ƙullin tsumma, ciki da ɓallin ungurnu, wato kanwar bakin tafkin garinsu. Mahaifiyarta ce ta damƙa mata ranar da aka taho da ita Kano, ba ta kuma sake komawa ba. In kewa ta taso mata sai ta lasa, ta lumshe ido. Ni ina na sani? Zan dafa wake, kanwa ta ƙare, na lalubo ƙullin na jefa a ɗan kwano da ruwa.

Da Inna ta leƙa kwanon, abin da ya rage bai fi ƙwallon dabino ba. Ta juya mini baya. Wallahi da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta shige ɗaki, ta daina cin abinci.

Na tafi kasuwar Sabon Gari neman irinta, ina share hawaye. Wata Inyamura da nake sayen manja a wurinta ta tsare ni, na faɗa mata. Ashe dafa gishiri ce sana'ar uwarta a can garinsu.

"Kin zubar da ruwan?"

Na ce a'a.

"To me ya ɓata? Ruwa ba ya cinye kaya, ajiya yake yi. Ba ki ga ya bar saura a ƙasa ba? Ya ƙoshi ke nan. Daga nan abin da ya ɗauka shi yake mayarwa, wani ya shiga wani ya fito. Bar rana ta janye ruwan, ki sha kallo."

Da na koma gida na juye ruwan kanwar a faranti, na ɗora kan katanga, ina gadinsa kamar jinjiri. Rana ta uku da safe, sai ga farantin fari fat, wasu siraran allurai sun tsiro suna ƙyalli.

Inna ta fito alwala, ta tsaya. Ta tsuguna, ta daɗe tana kallo, kamar ba a gidan take ba. Can ta dangwala da yatsa ta kai baki.

"Haka bakin tafkinmu yake in ruwa ya janye," in ji ta a hankali. "Tun ina yarinya rabona da ganinsa." Sai ta waiwayo. "'Yata, akwai sauran tuwo?"

Na fashe da kuka, don ran nan ta fara kirana 'yarta.

Tun daga nan na koyi cewa ba duk abin da ya ɓace wa ido ne ya salwanta ba. In ka yi ɓarna, kada ka yi gaggawar zubar da ruwan.